Sun Sa Mahaifina Ya Faɗi Ranar Neman Aurena

Tiya Luming, ki taimake ni, kwana biyar ke nan abinci ya ƙi shiga cikina.

Mahaifina ɗan fim ne a nan Manila, shekara ashirin da biyu. Kin dai san finafinan soyayyar nan masu ban dariya: saurayi fari, budurwa fara, dogon hanci irin na jikokin Sifaniyawa. Shi kuwa Tatay, wato babana, baƙi ne, gajere, lafazinsa na mutanen tsibirin Cebu, don haka kullum shi ne bawan gida da zai yi tuntuɓe da tire ya kife, a mare shi, sinima ta kwashe da dariya. Ba a taɓa haɗa shi da wadda zai so ba, ko da mai wanki ce.

Ranar Lahadi iyayen saurayina Renato suka zo neman aurena, da taliya da gasassun kaji. Tatay ya sa rigarsa ta zaren abarba da yake adanawa tun bikinsa. Ba a ma taɓo maganar sa rana ba, uwar Renato ta ce ya ɗan yi musu faɗuwar nan tasa. Tiya, sai ya tashi ya ɗauki tire ya faɗi, a falonsa, da gwiwarsa mai ciwo. Har Renato sai da ya dara. Tun ranar ban yi wa Tatay magana ba, zoben da Renato ya ba ni kuma na jefa shi cikin gwangwanin madara. In mayar musu?

'Yar Mai Tire, unguwar Sampaloc

'Yata,

Ni ma raina ya ɓaci. Wanda ya zo neman aure roƙo ya kawo shi, ba kallo ba, kuma matar nan ta san haka sarai. Masu kamfanonin fim ɗin da suka ga baƙar fata ba ta dace da komai ba sai shan mari, alhakinsu ya fi nata nauyi.

Renato kuwa tun yana ɗan firamare ake koya masa yi wa fuskar mahaifinki dariya. Ba uzuri ba ne, amma ki ba shi dama ɗaya. Ya zo shi kaɗai, ya ɗora hannun mahaifinki a goshinsa yadda ake gaida manya, ya ba shi haƙuri. Idan ya ce ai wasa ne, ki miƙa masa zobensa har da gwangwanin.

Saura ke. Kin tambayi kanki me ya sa dattijo ya faɗi cikin rigar bikinsa? Tsoro ya ji, kada ya ƙi a ce uban amarya yana da girman kai, a fasa aurenki. Dariyar mutane ya saba da ita shekara ashirin da biyu. Shirunki ne bai saba da shi ba. Ki nemi man zafi yau ki shafa masa a gwiwar nan.

Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ki gaishe min da mahaifinki.

Tiya Luming