Gado Biyu a Birane Huɗu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randar da ban taɓa tararwa da ɗumi ba, uwar 'ya'yana, abokiyar faɗana ta shekara ashirin da shida,

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi. Ina fata kin tashi lafiya a gidan yayarki, ina kuma fata katifarta ta yi miki daɗi, ko da yake na san ba ta kai tamu ba. Yau kwana uku ke nan da kika ɗauki mayafinki da fasfonki da filonki kika fice ko sallama babu. Kin bar mini takardun tafiyarmu a shimfiɗe, kin zagaye kalma ɗaya da jan biro har takardar ta huje: biyu. Birane huɗu, otal huɗu, a kowanne an kama mana ɗaki mai gado biyu. Na ga abin da kika gani, farin watana, kuma wallahi ƙyamar da ta kama ni ta fi taki.

Kin tuna yammacin da jirgin ƙasa ya tsare mu a mararraba, muna dawowa daga asibiti da cikin fari? Kowa na tsaki, ke kuwa kina ƙirga taragu da yatsa kamar yarinya. Kika ce ba abin da kike so a duniya irin ki zauna bakin taga, kanki a kafaɗata, garuruwan mutane suna wucewa ba wanda ya san ki. Na ce miki wata rana. To, wannan "wata rana" ta ci shekaru, ta ci kuɗin makaranta, ta jira har muka aurar da autarmu. Wata goma sha ɗaya na yi ina tsara tafiyar nan a bayan tsohuwar kalanda, a teburin shagona, tsakanin agogunan mutane. Na zaɓi otal-otal na kusa da tasha don kada ki ja akwati da nisa. Na ƙi duk wanda ba shi da lif, na'urar hawa bene, saboda gwiwarki. Inda za mu sauya jirgi na bar mana minti ashirin da biyar, domin na san tafiyarki, tafiyar hawainiya ce mai ado.

Sai na ɗauki wannan aiki mai tsabta na kai wa ɗan baffana, mai ofishin tafiye-tafiye, wanda duk dangi ke kira Ba-Matsala. Kin hana ni, na sani. Kin ce mutumin da ya taɓa mance surukarsa a tasha bai kamata a ba shi ko ajiyar tsintsiya ba. Na ce zumunci.

Ai kuwa na ga zumunci! Ofis ne da ko fanka ta gaji da juya warinsa. Kwanon da ya ci abinci tun safe yana kan firinta, ƙudaje na zaman makoki a kai. Yana sakace haƙori da kusurwar katin wani bawan Allah, waya a maƙale a kafaɗa, ya karɓi fasfonki da yatsun da ke nason mai. Hotonki fa, hasken gidana, hoton da kika sa aka sake ɗauka sau uku! Na faɗa masa a fili, ba sau ɗaya ba: gado ɗaya, na mutum biyu. A duk maganar nan kunnensa kalma biyu ya tsinta, gado da biyu, ya haɗa su ya aika wa otal huɗu. Ya ɗago ya ce mini ba matsala. Ko a jirgi bai bar mu tare ba: ke a tarago na biyar, ni a na takwas, kamar waɗanda alƙali ya raba.

Kin kuwa duba hotunan ɗakunan da kyau? Gadaje ne 'yan siriri, farare fat, irin na ɗakin jinya, ƙarin ruwa kawai ya rage a rataya. A tsakani an dasa wani ɗan tebur mai fitila, ya tsaya ƙiƙam kamar ƙanwar uba da aka aiko ta sa ido. Wane marar imani ne ya zauna ya ƙirƙiro wannan? Mutum ya ƙetare ƙasashe da matarsa don ya riƙa yi mata sai da safe daga tsallaken tebur?

Amma ba zan ɗora wa Ba-Matsala kayan duka ba. Da ya miƙo takardun, tabarauna na aljihu, na ƙi fito da shi don kada ya ce Yaya an tsufa. Na sa hannu ban karanta ba. Ni da nake gane ƙusar agogo wadda ba ta kai ƙwayar yashi ba, na kasa ganin kalmar da za ta fitar da matata daga gida. Tir da wannan girman kai.

Akwai kuma wanda ya fi wannan, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Na san ba takarda ce ta kore ki ba. Ranar da dangi suka taru a falonmu ana shirin bikin auta, aka tambaye ni me ya sa na nace sai jirgin ƙasa, na ce ai na saba, shekara ashirin da shida ina kwana kusa da inji. Aka fashe da dariya, har da surukai. Ke ma kin yi dariya. Daga nan kika tashi kika shiga kicin, na jiyo ki kina wanke kofunan da aka riga aka wanke. Na ji, na gane, na ci gaba da karɓar tafi. Saboda haka da kika ga gado biyu sau huɗu, me zai hana ki yarda cewa minsharinki nake gudu? Duk lokacin da na tuna bakina a buɗe ina jin daɗin dariyar nan, sai in ji kamar in tofar da kaina.

Jiya na koma ofishin. Ya nuna mini kujera, na ƙi zama, na kuma ƙi shayinsa. Na sa tabarauna a gabansa, na karanta kowane layi da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Na sa aka buga wa otal-otal ɗin waya. Uku sun gyara, babban gado ɗaya. Na huɗun ne ya gagara, wato na bakin tafkin nan da kika zaɓa da kanki saboda tagarsa na kallon ruwa. Sun ce manyan ɗakunan sun ƙare. Na ce a haɗa mana gadajen, suka ce a kafe suke da bango. Na ce to a auna mini faɗin guda. Matar da ke kan waya ta sa aka auno.

Na dawo gida na zana awon da alli a tsakar ɗakinmu, na tsaya ina kallo. Kurciyata, kin tuna gadon ƙarfen ɗakin hayarmu na farko, mai ƙafa ɗaya a kan bulo? Wannan ya fi shi faɗi da yatsa huɗu. Na san daga ni har ke mun ƙara auki tun lokacin, amma ni zan kwanta ta baki, in an faɗo ni zan faɗo. Ɗaya gadon kuwa akwatuna su kwana a kai, su yi ta sai da safe da teburin.

Saura jirgi. An riƙe mana kujeru biyu a jere, a tarago ɗaya, suna fuskantar gaba don kada jiri ya ɗebe ki, taga taki ce. Amma ba za su tabbatar ba sai an kai fasfonki, kuma wa'adin azahar ɗin Alhamis ne. In ta wuce za su saki kujerun, duk abin da na jera a bayan kalanda ya rushe. Ba zan je ni kaɗai ba. Me zan kalla ta taga, wa zai ƙirga mini taragu?

Gidan nan ya yi tsit, ruwan sanyina. Agogo tara ne a bango, duk suna tafiya daidai, amma kwana uku rabona da barcin kirki. Ashe da injin nan nake saita barcina ban sani ba. Ba na roƙon ki ce kin yafe, wannan sai a hankali, muna da birane huɗu da za ki yi ta yi mini gori a cikinsu. Ki dai zo kafin Alhamis. Ki taho da fasfon, ki taho da filon, wurinsa yana nan ban taɓa ba.

Naki tun daga gadon ƙarfe har zuwa ranar da za a raba mana makwanci ba da shawararmu ba,

Mijinki, mai gyaran agogo, wanda yanzu tabaraunsa ke rataye a wuya.