Kiɗana Yake Sakawa, Yana Zagin Masu Kwamfuta

Anti, don girman Allah ki agaza mini da shawara kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Takaici ya kai mini iya wuya, ta kai ko gyaran muryar mijina na ji daga ƙofa sai raina ya ɓaci.

Mijina mai haɗa kiɗa ne, mawaƙa suna zuwa ya yi musu kiɗan da za su ɗora waƙa a kai. Da inji yake aiki, irin akwatin nan mai maɓallan roba da ake bugawa da yatsu. Ɗaki guda ya ware masa, ya lilliƙa soso a bango, wayoyi sun cika ƙasa, ko shara ba a yarda in shiga yi ba. Tsakani da Allah ya iya, ni ma a wajensa kunnena ya buɗe.

Ni kuwa bayan na haihu ne zaman gida ya ishe ni, na karɓi tsohuwar kwamfutar ƙanena na sa manhajar haɗa kiɗa. Yarinya a cinya, ina riƙe da linzamin kwamfuta ina jera sautin ganga da na jita. Da mijina ya gani dariya ya yi, ya ce wannan ai zane nake ba kiɗa ba. Ban ji haushi ba, na ɗauka tsokana ce.

Ana nan wani mawaƙi ya matsa masa lamba, a canza nan, a ƙara can, a turo yau. Injin kuma ya tsufa, maɓalli biyu sun mutu. Mijin nawa ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce in ara masa ɗaya daga cikin zanen nawa. Waƙar ta karɓu, Anti. Tun daga nan ni ce da aikin, shi ne da suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wannan na shanye, na ce rufin asirinsa ai nawa ne.

Sai ga ƙawata ta turo mini bidiyon da ya saka a intanet. Yana zaune gaban injin, ido a lumshe, yana kaɗa kai yana buga maɓallai, kiɗana yana tashi. Ya juyo ya ce wai kiɗan kwamfuta ba shi da rai, aikin ragwaye ne, ko macen da ta ɗora tukunya za ta iya. Abokansa suka kwashe da dariya. Na ƙura ido, ashe fitilar injin ma ba ta kama ba, wayar wutar tana reto a gefen tebur. Tir! Kuma wallahi ranar da na haɗa kiɗan nan tukunyata tana kan wuta, har ta kama. Ƙyama na ji, kamar na tsinci ƙuda a ruwan da na riga na sha.

Da na tare shi ko kunya babu, ya ce talla ce kawai, mawaƙa inji suke girmamawa, kuma abin mata ai na miji ne. Yanzu mawaƙin nan yana son kiɗan kundin waƙoƙi guda, mijin nawa sai lallaɓa ni yake. Jiya har wanke-wanke ya yi, mutumin da bai san inda soso yake ba sai na bango.

Duk asalin aikin yana cikin kwamfutata. Hannuna ƙaiƙayi yake in saka duniya ta gani. To amma uban 'yata ne, kuma da sana'ar nan muke ci. Ummata ta ce in yi haƙuri. In tona, ko in ci gaba da haɗiyewa?

Taki,
Mai kiɗan bayan labule

Ƙanwata,

Kina da gaskiyar jin ƙyama. Aron aikinki abu ne da kika yarda da shi, amma ya ci da guminki sannan ya mai da ke abin dariya gaban abokai, wannan butulci ne, ba talla ba.

Sai dai ki duba ɗaya gefen. Mutumin da ya zauna yana buga injin da ba a kunna ba, ba jin daɗi yake ba, tsoro ne ya cika shi. Yana ganin sana'ar da ya yi shekaru yana koya tana neman wuce shi, girman kai kuma ya hana shi cewa ki koya masa. Shi inji yana ba da ɗanɗanon hannu, kwamfuta tana ba da sauri da sauƙin gyara. Dukansu kayan aiki ne, ran kiɗa a kunnen mai shi yake.

Kada ki saka komai a duniya. In kin tona shi, rufin ɗakinku kika yaye, ruwan kuma har ke da 'yarki zai jiƙa. Amma haƙuri ba ya nufin ki ci gaba a haka. Ki zaunar da shi ku biyu tun kafin ya amsa wa mawaƙin, ki ce ya cire bidiyon, kuma duk kiɗan da zai fita daga yau da sunanki a jiki. Ki kuma yi masa tayi: ana haɗa inji da kwamfuta, ya buga da hannunsa, ke ki jera ki gyara. In ya kai injin gyara ya sauke kai, za ku fi ƙarfin kowa.

In ya ƙi, ba faɗa ba gori. Ki rufe kwamfutarki ki ce masa a tsanake ba za ki ƙara ba. Ga ɗakinsa, ga yatsunsa, ya shiga ya haɗa wa mawaƙin kundin da kansa.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku, ya raya yarinya.

Antinki