Lambobi Shida da Ƙafar Inna

Daren Talata, Barnawa

Yau Inna ta burge ni. Sati ɗaya kacal da na buɗe mata manhajar hira a waya. Da la'asar wata ta kira ta, wai daga ƙungiyar matan unguwa take, tana so Inna ta karanto mata lambobi shidan da suka shigo wayarta, za a sa ta a taro. Da irin wannan kiran aka ƙwace tawa manhajar bara, ni mai digiri. Kafin in buɗe baki Inna ta katse kiran.

Na ce, "Inna, ya aka yi kika gane?"

Ta ce, "'Yar ƙungiyarmu ce ba za ta ce min ya ƙafa ba? Wata biyu ina ɗingishi!"