Jan Fentin da Aka Shafa wa Banɗakin Maigidana

Zuwa ga Shugaban ofishin ba da izinin gini na yankinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni tsohuwar malamar firamare ce a Samaru. Na rubuto a fili ne domin na gaji da zaman benci a ƙofar ofishinka.

Na ɗaya. Bara maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki. Banɗakinmu yana can ƙarshen gida, sai mun tallafe shi ni da ƙaninsa, ko da ana ruwa. Na yi niyyar haɗa masa ɗan banɗaki a jikin ɗakinsa. Kafin a ɗora bulo ɗaya na tafi har ofishinka a Sabon Gari na tambaya ko irin wannan aiki yana buƙatar izini. Ma'aikacin da na samu ya ce, "Hajiya, wannan ai gyara ne, ba gini ba. Je ki yi abinki." Na ce ya rubuta mini, ya yi dariya.

Na biyu. Gini ya kai linta, wato saman ƙofa, sai ga mutanenka uku da gwangwanin jan fenti, suka shafa wa bango, suka tsayar da aiki. Suka ce tunda an fasa bango kuma za a haƙa rami, sai da zanen gini da takardar izini. Ban musa ba, ƙila haka dokar take. To amma wa ya kamata ya faɗa mini? Malam, maigidana, yana kwance yana jin su ta taga suna kirana mai karya doka a gaban maƙwabta. Ranar bai ci abinci ba.

Na uku, kuma shi ya fi ƙona mini rai. A layinmu an ɗora bene a kan tsohon gidan da aka gina don hawa ɗaya, an cika shi da ɗalibai 'yan haya, an toshe kwata. Bangon ƙasa har ya tsage. Mutanenka ta gabansa suka wuce kafin su iso ƙofata. Fentin ne bai isa ba, ko idon ne ke zaɓe?

Na kawo zanen da aka nema tun kafin damina. Kullum sai a ce fayil yana kan teburin oga. Damina ta zo ta wuce, siminti ya daskare, Malam ya faɗi a tsakar gida sau biyu.

Ina roƙon abu uku. A rubuta da Hausa, a manna a ƙofar ofis, wane aiki ne ke buƙatar izini, wane ne ba ya buƙata. A duba benen nan kafin ya rufta da 'ya'yan mutane. Sannan a ba ni amsa a rubuce, ko e ko a'a.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya raba ka da ciwon da zai sa wani ya riƙa ɗaukar ka zuwa kewaye.

Wassalam.

Malama Rakiya,
Samaru, Zariya.