Wata Takwas Ina Amsa Saƙo da Sunan Yayana

Anti Gladys, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina.

Ni da yayana Dominic sana'armu gina shafukan intanet a nan Zuru. Shi ya rubuta wata 'yar manhaja mai sa rubutun yarenmu na C'lela ya fito daidai a shafi, ya sake ta kyauta a GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, kowa ya ɗauka ya gyara. Coci-coci da makarantu na amfani da ita. Daminar bara ya rasu, hatsarin babur a hanyar Ribah.

Bayan an binne shi da sati biyu na buɗe kwamfutarsa, na tarar wani ya kawo ƙorafi kan manhajar. Na gyara, na amsa ta asusunsa. Wallahi ban shirya yaudara ba. Da na ga an rubuto ana yi wa Dominic godiya, sai na ji kamar fita kawai ya yi. Wata takwas ke nan ina amsa saƙo da sunansa. Ko mamanmu ba ta sani ba.

Yanzu wata Basira daga Kaduna, wadda ta turo gyare-gyare masu kyau, tana so ta shiga kula da manhajar, ta nemi su yi waya da Dominic. Na kasa amsawa. In na faɗi gaskiya, za a ce ni maƙaryaciya ce. Kuma ranar da na rufe asusun nan, ji nake ya sake mutuwa.

Ƙanwar Mamaci, Zuru

Ƙanwata, sannu da rashi.

Ba mugunta kika yi ba, kewa ce. Amma masu saka manhajar nan a shafukansu sun yarda da ita ne don suna ganin sun san mai hannu a kanta. Haƙƙinsu ne su sani, kuma gara su ji daga bakinki.

Ki kira Basira cikin satin nan, ki faɗa mata komai. Sannan ki rubuta a shafin farko na manhajar ranar da ya rasu, da cewa gyaran da ya biyo baya naki ne. Ki mayar da aikin asusunki, sunansa da lasisin amfani da manhajar da ya zaɓa su zauna yadda suke. Basira kuwa, ki riƙa duba gyaranta kafin ya shiga, har ku san juna.

Wasu za su ji haushi, ki ba su haƙuri sau ɗaya, ya isa. Ki zauna da mama ki yi kukan da kika ɗage. Allah Ya sanyaya muku zuciya.