Ƙwarya Ashirin da Huɗu ta Giyar Baba

Gutu, 9 ga Agusta

Zuwa ga Yayana Gwinyai,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da aikin haƙar ma'adinai. Yaya ƙirjin naka? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

An tsayar da ranar bikin dawo da kurwar marigayi Baba gida, Asabar 17 ga wata. Yau muka ɗora giyar. Ka san hannun Kaka na dama ya shanye tun damina, tsofaffin unguwa kuma duk sun shiga cocin da ya hana giya, sai Mbuya Rungano maƙwabciyarmu, wadda idonta ya tafi. Ita ke tuƙawa, Kaka na ba da umarni daga kan tabarma. Awon tsiron tamba ne babu mai yi, sai Mama ta ce in yi a ɗakin girki, kada kowa ya gani, tunda ba a yarda macen da ba ta daina haila ba ta sa hannu.

Kaka ta ce ruwa bokiti biyar, tsiro ƙwarya ashirin da huɗu. Na ɗauko sikelin da na zo da shi daga jami'a. Bokitin lita ashirin ne, ruwa ya kama lita ɗari. Ƙwaryar kuwa na cika ta, na shafe bakinta da rula yadda aka koya mana, na auna sau uku: giram ɗari shida. Jimla kilo goma sha huɗu da giram ɗari huɗu. Kaka ta hango sikelin ta ce, "Likitan tamba, da wannan agogon za ki shayar da ubanki?"

Baffa Chenjerai ya iso jiya. Har yanzu bai daina maganar cewa Mama ta yi sakaci da jinyar Baba ba. Ya ce giyar ce za ta faɗi gaskiya: in ta tashi, mamaci ya yarda da gidansa, in ta ƙi, an san da wa yake fushi. Hankalina bai kwanta ba, amma lissafina daidai yake.

Ƙanwarka,
Shuvai

Gutu, 15 ga Agusta

Yaya Gwinyai,

Ina gaishe ka, Mama ma na gaishe ka. Ina fata saƙon farko ya same ka lafiya.

Giyar ba ta tashi ba. Kwana na shida ke nan, ya kamata a ji tana tsuwa daga bakin ƙofa, kumfa na zuba. Babu komai sai ruwa-ruwa mai tsami. Mbuya Rungano ta ɗanɗana ta ce ko akuya ba za ta yi layi da wannan ba.

Na rasa inda kuskuren yake, sai na kai wa Kaka ƙwaryar da ragowar tsiro, na roƙe ta ta gwada mini da hannun hagu. Yaya, ta cika ta ne har ta yi tozo, sannan ta ƙara danƙi guda a kai. Na ce ai ba ta ambaci danƙin ba. Ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce wannan rabon waɗanda ke ƙasa ne, kowace ƙwarya da nata, kuma abin da aka ba matattu ba a ƙirga shi, balle a faɗa.

Na auna. Mai tozo giram ɗari takwas, danƙi giram ɗari. Kilo ashirin da ɗaya da giram ɗari shida ya kamata in zuba. Kilo bakwai da giram ɗari biyu na shafe da rulata, kashi ɗaya cikin uku cif. Sabon tsiro kuma sai ya kwana biyar kafin ya fito.

Na gaya wa Mama zan faɗa a gaban dangi. Ta ce in rufe bakina. Ban san abin da zan yi ba.

Taka,
Shuvai

Gutu, 19 ga Agusta

Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka.

Ranar Asabar da safe aka kai tulun giyar bakin kabari. Baffa ya kurɓa, ya tofar, ya ce ƙanensa ya ƙi shigowa gidan da wannan matar take ciki. Mama na durƙushe, ba ta ɗago ba. Sai na miƙe da littafin da na rubuta awon a ciki, na karanta musu komai, giram bayan giram. Na ɗauka lamba za ta wanke ta.

Baffa ya tambaye ni wa ya ba ni izinin taɓa tsiron. Sai na kalli Mama, kowa kuma ya ga na kalle ta.

Ya ce, "To kun ji daga bakin 'yar boko. Da zato muke yi, yanzu ga shi a rubuce. Ta sa yarinya ta taɓa giyar miji, yarinya ta kwashe rabon matattu."

Kaka ta yi ƙoƙarin cewa ita ma ta sani, amma harshenta ya yi nauyi, babu wanda ya tsaya ya ji. An yanke cewa Mama ta koma wajen danginta a Zaka, za a sake giyar baɗi ba tare da ita ba. Gonar da shanun suna hannun Baffa kafin ka dawo. Ka nemi hutu, don Allah.

Mama ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da na fi samun sauƙi. Ɗazu ta kira ni, ta ce masu bas suna cajin kayan da ya wuce kilo ashirin, in kawo agogon nan nawa in duba mata jakarta. Shekara talatin da ɗaya ta yi a gidan nan. Na auna sau uku. Kilo goma sha ɗaya ne.

Ƙanwarka,
Shuvai