Rairayin da Manzo Bai Karkaɗe Ba

Da sunan Allah Mai rahama. Daga ƙaninka Jika a Ollelewa ta ƙasar Damargu zuwa ga Yaya Ɗan Azumi a Kano, cikin watan Sha'aban na shekarar 1312.

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Inna tana nan da sauƙi, gwiwa ce kawai ke hana ta zuwa unguwa, bakin kuwa lafiyarsa lau. Gero ya yi kyau bana, mun gode Allah.

Yaya, na san kafin takardata ta iso fatake sun gaya maka ƙaninmu Manzo ya tayar da yaƙi. Ka kwantar da hankalinka, ga yadda aka yi. Mai gari Lawali ya sa shi, a matsayinsa na magatakarda, ya rubuta wa tsoho Mato, mai garin nan na kwarin Tarka, a kan ranakun da garkunanmu za su sha a rijiyarsu. Manzo ya rubuta, ya barbaɗa rairayi don tawada ta bushe yadda kowa ke yi, sai aka kira salla, ya naɗe bai karkaɗe ba. Aka yi rashin sa'a ranar kasuwa aka warware ta a gaban jama'a, rairayin da bai fi cikin farce uku ba ya zubo a cinyar Mato. Gajere maroƙi yana wurin.

Na yi shekara talatin ina karatu, Yaya, ban ga littafin da ya kai harshen Gajere gudu ba. Da la'asar ya ce mun aika da ƙasa don mu ce kwarin namu ne. Washegari Dodo wanzami yana rantse wa duk wanda ya sa wa aska cewa ƙasar kabari ce. A kwana na uku rairayin ya zama masaki guda, ja wur, har da mashi a ciki. Wallahi da idona na ga mata suna haƙa rami suna binne hatsi, na ga ayarin gishiri, raƙuma sun fi ɗari biyu, ya kauce wa garinmu ya bi ta daji. Na tsaya a kan tudu ina kallo. Ba wanda ya tambayi abin da aka rubuta a takardar, ko mutum ɗaya. Mai gari Lawali ya ji kunya, ya rantse zai karɓe alƙalamin Manzo ya kore shi daga gari kafin azumi. Manzo ya daina cin tuwo, Halima matarsa ta fara ɗaure kaya.

Ran Jumma'a sai ga Mato da kansa a kan jaki, shi kaɗai, ba ko sanda. Ya zauna a ƙofar mai gari, gari duk ya taru, ya ce an yi kwana shida ana faɗin abin da ke ransa amma ba wanda ya zo ya tambaye shi. Ya fito da wani ɗan tandu daga aljihu, ya zazzage a kan buzu. Ya ce shi bai iya karatu ba, idonsa ma ya yi rauni, amma shekara ashirin yana tara rairayin da ke maƙalewa a takardun da ake aiko masa. Ya dinga murzawa da yatsa yana warewa: wannan mai laushi na Tanut ne, wannan mai tsakuwa na Damagaram, wannan ja-ja namu na Ollelewa. Ya ce hatimi ana iya sassaƙa na ƙarya, amma ba a ɗauko wa mutum ƙasar garinsu daga nesa don a ruɗe shi, saboda haka takardar Manzo ce ta fi kwantar masa da rai. Yaya, na ji ƙanƙantar karatuna a ranar. Mai gari ya yi kaffarar rantsuwarsa, ya miƙa wa Manzo alƙalaminsa, ya ce kada ya ƙara karkaɗe takarda. Kafin magariba kuma Gajere yana shela wai Mato ya kulle Damargu duka a cikin tandu.

Ka gai da Yaya Zainabu, da Binta, da Idi da yaransa. Inna da Manzo da Halima suna gaishe ka. Wannan ma ban karkaɗe ta ba, ka warware a hankali a kan farin ƙyalle. Daga ƙofar ɗakin Inna na ɗebo rairayin, ita ta nuna mini wurin. Ta ce shekara tara ke nan ƙafarka ba ta taka shi ba.

Naka ƙani,
Jika